Ganga a Bayan Katanga

A shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, lokacin da mutum zai bar sukari a kan farashi ran kasuwa ya dawo bayan mako ya tarar ya kusa ninkawa, a kakar wannan shekara aka kira ƙanena kokawa a Madawa. Damina ta yi kyau, rumbuna sun cika, kuɗi ne dai ba ya zama a hannu.

A ƙauyenmu, can wajen Galma, kokawa ba ta da ƙofa. In an gama ɗaurin gero sai a share fagen da ke gabas da rijiya, a kwashe ƙaya da tsakuwa. Mutane su ne katangar. Yara a zaune gaba, magidanta a bayansu, mata can baya bisa turamen da aka kife. Ba a tambayar kowa ko tamma. Wanda kaye ya yi wa daɗi shi zai shiga fage ya manna wa ɗan kokawa dala biyar a goshi, ya jefa wa makaɗi wata. Wannan muke kira kari, kuma bayan an gani ake yinsa.

Ɗan kokawa a wurinmu yakan zauna a bakin fage ya lulluɓe kansa da zane, ba ya kallon kowa. Ba zai tashi ba sai makaɗinsa ya buga takensa. Ko abokin karonsa ya riga shi shiga, jira zai yi, jama'a ma su jira, ba mai ganin an ɓata masa lokaci. Mahaifinmu ɗan kokawa ne, kuma har ya rasu yana faɗin cewa wanda ya tashi babu take layunsa barci suke yi, shi kaɗai ya shiga. Ni ban gaji kokawar ba. Ƙanena ya gaje ta, da layun, da taken, da wannan magana.

Mai buga taken wani tsohon makaɗi ne na garinmu, shi ya yi wa mahaifinmu kiɗa tun suna samari. Idonsa ya fara hazo, amma kunnensa garau. Baba muke ce masa.

An ce a Madawa za a zaɓi waɗanda za su tsaya wa yankinmu a kokawar gaba, kuma a sabon fili za a yi. Komite mai shirya wasan ta aiko wa ƙanena wata 'yar takarda mai tambari. Akwai rubutu gaba da baya, da Faransanci. Ba wanda ya karanta mana, mu ma ba mu nema ba. Muka naɗe ta a leda kamar laya. Innarmu ta ba da akuyarta aka sayar. Aka sake wa layu ɗinki, aka sayi sabon zane, aka yi guzuri. Abin da ya rage, jika ɗaya, wato dala ɗari biyu, da dala hamsin, na bi masu tebur na canza shi duka zuwa dala biyar biyar, don in ya kada in shiga in yi ta manna masa har mutanen birni su san yana da dangi. Muka hau amalanken jaki mu uku da hantsi, Baba rungume da gangarsa.

Filin katanga ce ta siminti, ta fi tsawon mutum biyu, da ƙofar ƙarfe. A gefe akwai wata 'yar taga inda mutane suka yi layi. An rubuta wasu lambobi da fenti a saman tagar. A lokacin ban shiga yaƙi da jahilci ba, ado na ɗauke su.

Ƙanena ya nuna takardarsa a wata ƙaramar ƙofa, aka buɗe masa. Baba ya bi bayansa kamar yadda ya saba bi shekara da shekaru. Mai tsaron ƙofar, wani ƙato mai sanda da jan ƙyalle a damtse, ya sa hannu a ƙirjin Baba.

"Tsoho, ina za ka?"

"Makaɗinai na," in ji Baba.

"Ina tikenka?"

"Mi ag tike?"

Waɗanda ke layi suka yi dariya. Ƙaton ya nuna tagar da sandarsa. Ya ce gefen rana dala ɗari, gefen inuwa jika.

Baba ya juya kunnensa wajen mutumin, kamar bai ji daidai ba. "Ɗana, shekarata arba'in ina shiga fage. Ni aka ba. Ban taɓa jin inda makaɗi yab biya ba."

"To yau ka ji. Komite ta ɗauko makaɗanta, ga su can da amsa-kuwwa. In kallo kaz zo yi, biya. Kuma tulun ga da kaka runguma wurin mutum guda shika ci, shi ma dala ɗari."

Ƙanena yana tsaye daga ciki, ana tura shi gaba. Ya leƙo ta saman kafaɗar mai tsaron ya ce, "Yaya, ka shigo da Baba." Aka rufe ƙofar.

Lissafin bai da wuya. Baba da gangarsa jika ɗaya, kuma jikar tana aljihuna. In na biya musu, ni ne zan tsaya a waje. Ina jin ihun mutane daga ciki, ina ganin ƙura tana tashi ta saman katanga. Ban taɓa shiga irin wannan wuri ba. Ni na kai akuyar kasuwa, ni na kora jakin. Na ce a raina ai gangar Baba ana jin ta daga ƙauye uku, katanga ɗaya ba za ta tare ta ba.

Na ja shi gefe na ce, "Baba, dala ɗari ɗai gare ni. Ko na ba ka, ba su barin ganga ta shiga."

"Dala ɗari ɗai?"

"Ita ɗai. Ka zagaya gabas, nan 'yan kokawa suke zaune. Ka jingina da katanga. Da ka ji an kira shi, ka buga. Ni in shiga in gaya mai inda kake."

Ya ce to. Na kama hannunsa na kai shi gindin katangar ta gabas, inda masu rake da masu ruwa suka baza kaya. Na dawo na shiga layi. Mai tagar ya zage ni saboda tarin ƙananan kuɗin da na zube masa.

Ciki matakala ce ta siminti, ta ɗauki rana har tana ƙona cinya. Fagen yana can ƙasa, an kewaye shi da buhunan yashi, tsakaninsa da mu akwai waya mai tsawo. Ban iya kai wa ƙanena ko kusa ba. Na hango shi dai a cikin 'yan kokawa, ya zauna, ya lulluɓa da sabon zanen. Sauran duk a tsaye suke suna tsalle, suna shafa magani. A gefen inuwa manya ne a kan kujeru. Kusa da su makaɗan komite huɗu, kuma amsa-kuwwa biyu a kan sanduna suna zubo kiɗan a kanmu, kiɗa iri ɗaya ga kowa. Ƙishirwa ta kama ni, na tambayi inda randa take. Na kusa da ni ya nuna mini mai sayar da ruwa a leda.

An yi karo uku. Alƙalin wasa yana da usur a baki da agogo a hannu. Sai mai magana a amsa-kuwwa ya kira wani daga wajen Buza, ya kira ƙanena.

Na Buza ya tsallake buhu ya shiga. Ƙanena bai motsa ba.

Na kasa kunne wajen gabas. Ba na jin komai sai amsa-kuwwa. Mai magana ya sake kira. Makaɗan komite suka ɗan tsagaita don a ji shi, kuma a wannan 'yar tazara na ji gangar Baba, can nesa, siririya kamar ana buga ƙwarya a cikin ɗaki. Taken ne. Na ga zanen ya ɗan ɗaga. Sai makaɗan suka koma da ƙarfi, zanen ya sauka.

Mutane suka fara magana.

"Wanga amarya ta, a kawo kuɗin sayen baki."

"Ku duba ko ya rasu."

"Ɗan ƙauye, tashi, ba gonar ubanka ba ta."

Wani ya jefa ɓawon rake ta saman waya, ya sauka a kan zanen. Wasu suka bi. Na sauka har bakin wayar ina kiran ƙanena, ina cewa Baba yana waje, ya tashi. Muryata ba ta wuce mutum biyar ba. Wani ya ja rigata ya ce in zauna, ya biya kuɗinsa ba don ya kalli ƙeyata ba. Na zauna.

Aka yi kira na uku. Alƙalin ya duba agogonsa. Ya hura usur, ya kama hannun na Buza ya ɗaga sama. Daga baya aka gaya mini cewa wannan doka tana bayan takardar da muka naɗe a leda: wanda aka kira sau uku bai shiga ba, an kada shi.

Ƙanena bai san haka ba. Kansa yana cikin zane, kuma a saninsa abokin karo jira yake yi. Aka kira wasu biyu suka kara. Aka kira wasu biyun. Yana nan zaune, ɓawon rake a kafaɗarsa, yana jiran take. Mutane suka bar kallon kokawar suka koma kallonsa. Duk wanda aka kada, sai wani ya ce gara shi, ya dai tashi. Har na gefen inuwa suna nuna shi suna dafa juna. A ƙarshe wani ɗan komite ya je ya fizge zanen, ya yi masa magana, ya nuna masa ƙofa. Ƙanena ya miƙe ya dubi fagen, ya dubi matakala yana neman mu. Ban ɗaga hannu ba.

Na riga shi fita. Baba ba ya gindin katangar. Na same shi can gaba a ƙarƙashin wata bishiyar bedi, gangar a kan cinyarsa, fatar gefe ɗaya ta yage tun daga baki har tsakiya. Wata mai rake ta ba ni labari. Da ya fara bugawa mutane sun taru a kansa, waɗanda ba su da kuɗin shiga, har wasu suna rawa suna jefa masa dala. Masu tsaro suka zo suka ce yana tare hanya, yana raba wa komite jama'a. Suka ce ya bari, bai bari ba. Ɗayansu ya soka sanda a gangar.

Baba ya ji tafiyata ya ɗago kai. "Ya kada?"

Na ce ba a yi karon ba.

"Bai ji ba ke nan."

Ƙanena ya iso da zanen a hannu. Ya durƙusa ya shafa yagaggiyar fatar, ya ɗauki gangar ya ɗora a amalanke.

Mun bar gari da la'asar. Da muka sauka daga kwalta muka hau turbar duwatsu, jakin ya fara sassarfa, amalanken yana tsalle. Na sa hannu na danne aljihuna, amma na makara.

"Ɗana," in ji Baba, "aljihunka na kiɗa."

Na ce 'yan canji ne.

"Dala biyar biyar na. Shekara arba'in ana zuba mini su, na san muryarsu. Waɗanga sun hi ashirin." Bai ɗaga murya ba. "Kac ce dala ɗari ɗai gare ka."

Ƙanena ya juyo. "Nawa kaz zo da su, Yaya?"

Na faɗa masa.

"Nawa anka ce Baba da ganga?"

Na faɗa masa wannan ma.

Ya karɓi linzamin daga hannuna ya tsayar da jakin. Na ɗauka duka zai kai mini, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Sauka ya yi. Ya kwance layun daga damtsensa da ƙugunsa ɗaya bayan ɗaya, ya zuba mini su a cinya, ya kama hanya da ƙafa. Muka bi shi a baya da amalanke har gida, bai waiwayo ba.

Na ciro kuɗin na miƙa wa Baba, na ce ya sayi fata. Ya lalubo hannuna ya mayar mini da shi.

"Riƙe abinka. Kai kab biya, kai kag gani. Ka ba mu labari in mun isa."

Labarin ya riga mu yawo. Kafin kasuwa ta zagayo, daga Azarori har ƙauyukan Keita an san ɗan kokawar da ya yi zaman amarya a Madawa. In ya bi ta bakin rijiya sai 'yan mata su ja mayafi su rufe kai. Bai yi wata biyu ba ya bi masu tafiya bida, neman kuɗi, zuwa Abijan. Yana aiko wa innarmu saƙo, yana gaida matata da 'ya'yana. Ni ba ya sa ni a gaisuwar. Baba bai sake wa gangar fata ba. Ya rasu bayan damina biyu, 'ya'yansa kuwa gini suka koya, ba wanda ya riƙe taken. Na gwada buga shi a kan ƙwarya, rabin farko kawai nake tunawa.

Abin da ya tafi a wannan rana: akuya ɗaya, dala ɗari ta ƙofa, fatar ganga ɗaya, karo ɗaya da ba a yi ba, take ɗaya, ƙane ɗaya.