Buhun da Ya Dawo Babu Datti

Ranar da buhun farko ya dawo daga Bungudu, ga waɗanda ke rumfar sito: Alhaji mai hatsin, zaune kan bencinsa ya tuɓe takalmi ɗaya, direbansa, wanda ya sauke buhun daga a-kori-kura, tsohon da ke mana awo, da tiyarsa a hannu, matan da ke tsintar wake a ƙarƙashina, kowace da faifanta a cinya, cikinsu har da wata 'yar garinmu Tsafe mai bakin tsiya, sai ni. Wadda ta tsince waken buhun ita kaɗai ce ba ta nan. Tana gidanta da 'ya'yanta biyu, ba ta san ana shirin raba ta da hanyar abincinta ba.

Bari in koma baya kaɗan. Lokacin ba a daɗe da mayar da Gusau babban birnin jiha ba. Ma'aikata sun cika gari, kuɗin haya ya tashi, masu ƙaramin ƙarfi suka yi ta komawa garuruwansu. Alhaji na sayen wake a kasuwannin Tsafe da Bungudu, mu tsince shi tas a sitonsa na Gusau, fatake su ɗauka su yi Kudu da shi. Ni ce uwar aikin. Ban taɓa shiga aji ba, amma in na zura hannu cikin buhu na ɗebo, na san ko mai hankali ce ta tsince shi ko mai surutu. Ba na dariya a wurin aiki. Matan na cewa har a ƙeya ina da ido, ban kuwa taɓa ƙaryata su ba.

Da can kowace mace da yaranta take zuwa. Su yi ta rarrafe tsakanin buhuna, mu yi ta kora. Cikin matan akwai wata yarinya da muke kira ɗiyar Bungudu. Haya ce ta kore su daga Gusau zuwa Bungudu, mijinta ya tafi neman kuɗi Kudu, uwar mijin ta rasu, danginta kuma suna nesa. Kullum sai ta shigo bas da goyo a baya, tana riƙe da hannun 'yarta wadda ba ta fi shekara uku ba. Duk rumfar babu mai hannunta. Yatsunta na tafiya kan faifai kamar kaza na tsattsagar gero.

Wata rana na ɗaga kai na ga 'yar tata ta ɗauko wani abu daga gindin buhu tana kai shi baki. Ƙwayar maganin ƙwari ce, irin wadda ake sa wa waken ajiya. Ban san lokacin da na tashi ba. Na kaɓe hannunta, ƙwayar ta faɗi, yarinya ta fasa kuka. Allah ya tsare. Da labari ya isa ga Alhaji, ya ce daga yau kada ya ƙara ganin yaro a sito. Na ce gaskiya ya faɗa. Har gobe ina nan a kan haka.

Sauran masu ƙananan yara suka sami inda za su bar su, wata wurin kaka, wata wurin maƙwabciya. Ɗiyar Bungudu ba ta da kowa. Ta zo da safe ita da yaran, ta tsaya daga bakin ƙofa ta gaishe ni, ta miƙo mini faifan Alhaji. Ba ta roƙi komai ba. Na bi bayanta da kallo har ta kai bakin titi.

Na bari Alhaji ya gama cin abincin rana, sannan na same shi.

"Alhaji, tunda ba ta iya zuwa wurin wake, a kai mata waken."

Ya dube ni. "Inna, gida? Wa zai gan ta tana aiki?"

Na ce ni ma da take gabana ba zamanta nake kallo ba, waken nake kallo. Na ce uwata a Tsafe kaɗi ta yi har ta tsufa, a tsakar gida, mu bakwai muna kewaye da ita, ba wanda ya taɓa tsayawa a kanta, kuma masaƙa layi suke yi don zarenta. Mace ta yi aiki a ɗakinta ba sabon abu ba ne. Zuwa rumfa ma shi ne sabo.

Ya ce, "Zare ba a dafa shi, Inna. Wake ana dafawa. Gida mai yara, ga buhu a tsakar gida..."

Na ce motarsa na bi ta Bungudu ranar kasuwa ko da ni ko ba ni. A ajiye mata sabon wake wanda ba a sa wa magani ba, a dawo a ɗauka. In an ga ba daidai ba, ni zan amsa. Ya sosa ƙafa, sannan ya ce a gwada.

To, ga mu a ranar. Direba ya ɗauko buhun farko, ya bar mata na biyu. Tsoho ya kwance baki, na zura hannu har gwiwar hannu na ɗebo daga ƙasa. Wake fari sol, ba tsakuwa, ba ɓawo, ba mai huji ko ɗaya. Na zuba a tafin Alhaji. Tsoho ya fara awo. Da ya gama sai ya ɗaga kai ya dubi direba.

"Ina dattin?"

Direba ya ce shi abin da aka ba shi ke nan.

Duk buhun da aka tsince dole ya ragu, wannan kowa ya sani. Amma a sito abin da ya ragu ana ganinsa. Akwai kusurwar da muke tara tsakuwa da ruɓaɓɓen wake, a auna, a haɗa awonsu da na mai kyau, lissafi ya fita, sannan Alhaji ya sayar wa masu kiwo ruɓaɓɓen. Ba a taɓa gaya wa kowa haka ba, kowa gani yake yi ya bi. Yanzu ga buhu ya ragu, babu abin da zai nuna inda ragowar ta tafi.

'Yar garinmu ta kaɗa faifanta. "Ashe ƙosai ake toyawa a Bungudu. Direba, ba a ɗanɗana maka ba?"

Wasu suka yi dariya. Na juya na dube su ɗaya bayan ɗaya, dariyar ta mutu.

Alhaji bai yi faɗa ba. Ya sa takalminsa ya ce, "Ban ce ta ci ba, Inna. Ban kuma ce ba ta ci ba. Abin da ba na iya gani, ba na iya ci gaba da shi. Gobe a je a ɗauko na biyun."

Na ce ya ba ni zuwa gobe da safe. Na ɗauki mayafina na nufi tasha.

Ban aika mata ina zuwa ba. Da gangan. Na sauka a Bungudu bayan la'asar, na tambayi gidan, na shiga zaure na tsaya daga inuwa inda nake hango tsakar gida. Tana zaune a tabarma gindin darbejiya, ƙafafu miƙe, jaririn kwance a cinyarta yana shan nono, faifai a gefen dama, hannu ɗaya na aiki. 'Yar tana gabanta da murfin kwano, an zuba mata wake kaɗan, tana tsintar tsakuwa tana jefawa cikin gwangwanin madara. Duk wanda ta jefa sai ta ce, "Umma, kin ji?" Uwar ta ce ta ji. Can gefe ga akuya ɗaure da turke, ta miƙe wuya iya igiyarta. Ina kallo uwar ta tattara ruɓaɓɓen waken da ke gefen faifai ta watsa mata, ko dubawa ba ta yi ba.

Na yi sallama. Ta zabura za ta tashi, na ce ta zauna kada ta katse wa yaro. Muka gaisa. Ban zauna ba. Na wuce kai tsaye wurin murhu na buɗe tukunya. Tuwon dawa. Na buɗe ƙaramar, miyar kuka. Na leƙa turmi, na duba kwandon wanke-wanke, na duba bayan randa.

Da na juyo, idanunta sun cika.

"Inna, tukunyata kika buɗe?"

"Na buɗe. Gobe in an tambaye ni, ba zan ce ina zato ba. Zan ce na gani."

Na gaya mata abin da ya faru a rumfa. Ban ɓoye mata maganar ƙosai ba, sai dai ban faɗi wadda ta yi ta ba. Ta shafa kan jaririn. Sannan ta ce, "Yanzu Inna, shara zan ɗaure in ɗora a mota in aika wa Alhaji? Ko kwanon maƙwabciya ba a mayar da shi da datti. Ni na ɗauka rashin kunya ne."

Na ce, "A gida rashin kunya ne. A wurin aiki, wagga shara ita ce shaidarki. Ba mai ganinki, sai ita."

Na zauna a bakin tabarma na karɓi faifai ɗaya. Muka ɗebi tiya guda daga buhu na biyu muka tsince tare, aka ware mai kyau, aka ware datti, akuya tana ta kuka ba wanda ya kula ta. Ina tsinta ina tambayarta yadda take yi. Ta ce mafi yawan aikin bayan sallar asuba take yinsa kafin yaran su farka, sai kuma da rana in barci ya kwashe su. Shekaranjiya jaririn ya yi zazzaɓi, ba ta taɓa faifai ba yini guda, washegari ta rama. Na ce da a rumfa ne, wannan yinin ya tafi ke nan. Ta ce da a rumfa ne, da cikin bas za ta shiga da shi jiki zafi.

Ruɓaɓɓen waken buhun farko yana cikin akuya, ba yadda za a yi. Amma akuya ba ta cin dutse. Na tambayi tsakuwar. Ta nuna bayan ƙofa: gwangwanaye jere, duk cike, dukiyar 'yarta ke nan, da su take wasa. Na ce zan tafi da su. Yarinyar ta rungume ɗaya ta buɗe baki da kuka. Na durƙusa na dube ta ido cikin ido, kamar yadda nake duban manya.

"Aro ne. Ni ba na riƙe kayan mutane."

Ta sakar mini, amma ba ta daina harara ta ba har na fita. Na ƙulle waken da muka tsince da dattinsa, na haɗa da gwangwanayen, na kama bas kafin magariba.

Washegari na riga kowa zuwa sito. Na share gaban bencin Alhaji na jera faifai uku: waken da muka tsince jiya, dattin da ya fita daga cikinsa, da tsakuwar buhun farko. Da ya iso ya tsaya yana kallo, na ce masa ga abin da tiya ɗaya ke zubarwa, tsoho ya auna ya kwatanta da buhu. Na ce na buɗe tukunyarta, tuwon dawa ne. Na ce sauran yana cikin akuya, in yana so in sa a kawo masa ita.

Tsoho ya auna, ya yi lissafinsa da yatsu, ya gyaɗa kai. Alhaji ya zauna ya tuɓe takalminsa.

"Akuyar ta yi ƙiba?"

Na ce ta fi ni.

Ya ce, "To, a bar mata buhun. Amma datti ya riƙa dawowa."

Na ce dama shi na zo yi. Na ɗauko wani tsohon buhu na yanka shi gida biyu, na zauna da basilla na ɗinka ƙananan jakunkuna. Ina cikin ɗinki 'yar garinmu ta matso kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa, wai matar ɗanta ta haihu watan jiya, kuma tana da hannu. Na ce ta kawo ta in ga hannun, amma ta sani a Tsafe ma zan buɗe tukunya.

Na ɗaure jaka ɗaya a wuyan buhun da za a kai Bungudu ranar kasuwa. Sannan na mayar da tsakuwar cikin gwangwanayenta, na toshe bakunansu da tsumma, na sa a cikin jakar. Na gaya wa direba ya ba yarinyar a hannunta, kada ya ba uwar.