Ranar da Minnie Ta Saki Labule

Minnie Duxbury ba ta bin titin da ya haura tudu. Tun tasowarta a garin nan na masaƙu a Lancashire ta ƙasar Ingila, in aike ya kai ta wajen sai ta zagaya ta bayan kasuwa, ko da ana tsuga ruwa. A kan tudun gidan gajiyayyu yake, kuma ta san cikinsa.

Tana ƙarama ƙurar auduga ta cinye ƙirjin ubanta. Da ya kasa tsayuwa gaban inji aka sallame shi, mai gidan haya ya watso musu kaya waje, suka haura tudu su uku da ƙafarsu. A bakin ƙofa aka raba su, don haka dokar gidan take: maza dama, mata hagu, yara can baya. Aka aske mata kai, aka ba ta riga mai kaushi da kunu tsararo. Uban yana wancan gefen katanga yana warware tsofaffin igiyoyi yana tari har ya mutu. Sai da aka binne shi aka gaya wa uwarta, a ɗakin wanki, aka ce ta ci gaba da aikinta.

Tana shekara goma sha biyu masaƙa ta ɗauke ta, ta fito. Ta tsaya gaban injin saƙa har kunnuwanta suka yi nauyi. Ta auri Enoch, mai kai wa gidaje kwal a keken doki. Da ubangidansa ya sayar da dawakin ya sayi babbar mota, Enoch bai iya tuƙi ba, sai ya koma baya yana saɓa buhu. 'Yarsu guda ta bi miji Kanada.

Bayan yaƙin duniya na biyu gwamnati ta ce magani ya zama na kowa, babu sauran biyan likita. Aka yi wa gidan kan tudu fenti, aka cire tsohon allo, aka rubuta asibiti. Ƙananan matan layinsu suka riƙa zuwa haihuwa can, su dawo suna yabon farin zanin gado.

"Fenti ne," in ji Minnie. "Ku kankare ku gani."

Wata rana da kaka ƙusa ta huda takalmin Enoch ta soke shi a babban yatsa. Ciwon ya ƙi warkewa. Minnie ta jiƙa burodi da ruwan zafi ta ɗaure masa, kamar yadda ake yi wa maruru. Da ya kasa hawa bene ta ja masa kujera kusa da taga a ɗakin gaba, ta ɗora ƙafar kan matashi.

"Ke tsohuwa, yatsan nan fa na daina jin sa."

"To ka huta da ciwo ke nan. Miƙo in gani."

Ta kwance tsumman. Yatsan ya yi baƙi ƙirin, baƙin ya fara hawa bayan ƙafa. Ta mayar da tsumman da sauri ta ce da sauƙi. Ta tafi bayan gida ta riƙe bakin famfo da hannu biyu.

A makon ne aka yi haihuwa a gida na uku daga nasu, Nas Pilling ta fara zuwa duba maijego kullum a kan kekenta. Gidajen layin a bakin titi suke, mai wucewa yana ganin har murhu. Ita kuwa nas ɗin nan ba ta wuce taga ba ta leƙa ba. Minnie ta san in ta hango ƙafar nan a kan matashi, shi ke nan, tudu za a haura da shi. Da hantsi ta jiyo ƙararrawar keke daga kan kwana. Ta yi wuf ta saki labulen ƙasa, ta hau bene ta saki na sama.

A layin ba a sakin labule da rana sai in akwai gawa a gida. Minnie ta san wannan kamar sunanta, ita kanta ta saki nata saboda mutuwar wasu ba sau ɗaya ba. Tsoro ne ya share shi daga kanta. Kafin tsakar rana maƙwabta duk sun saki nasu, kamar yadda aka saba. Maza masu wucewa suna cire hula. Ita tana ciki tana zuba wa Enoch shayi a duhu, ba ta san abin da ake ciki ba.

Clara Heap ce mai wanke gawa a layin. Ba ta ƙwanƙwasa ba, ta turo ƙofa da farin zani a hammata da kwano a hannu.

"Sannu Minnie. Sannu da haƙuri, 'yar'uwa. Yaushe ya cika?"

"Wa ya cika?" in ji Enoch daga kan kujera.

Clara ta dube shi sama da ƙasa. Ba mace ce mai razana ba.

"Kai Enoch, mutuwar ma sai ka yi wa mutane wasa da ita? Tukunya na baro a wuta saboda kai."

"Ki dawo wani makon, ƙila ki dace."

Clara ta buɗe baki za ta rama, sai ta fasa. Ta ja iska ta hanci. Ta ajiye kwanon a hankali.

"Wannan warin na san shi," ta ce. "Amma ban saba jin sa a jikin mai magana ba."

Minnie ta tare tsakanin Clara da kujerar. Ta cusa hannuwanta cikin aljihun riga.

"Clara, don girman Allah. Inji ɗaya muka tsaya ni da ke. In suka haura da shi ba zan ƙara ganinsa ba. Kin san gidan nan."

"Na san shi. In kuma kika bar shi nan, ni zan gan shi kafin Lahadi, ba kuma zai yi mini baƙar magana ba."

Ba sai da Clara ta je kira ba. Da za ta koma, Nas Pilling ta ga layi duk labule a sake, ta tambaya, aka nuna mata gidan. Ta shigo don ta yi gaisuwa, ta tarar da mamaci yana kurɓar shayi. Ta durƙusa ta kwance tsumman, ta kawar da burodin da ya manne. Ba ta ɗaga murya ba.

"Mama, yau zai tafi. Yanzu ma."

"Ba mu da abin biya," in ji Minnie, don ita ce kaɗai dabarar da ta rage mata.

"Ba wanda zai tambaye ku."

Motar asibiti ta zo. Minnie ta shiga ta zauna gefensa, ta ji motar ta ɗaga gaba ta fara hawa. A bakin ƙofa aka sauke Enoch a kan gadon da ake turawa. Wata matashiyar nas mai farar hula ta tare Minnie da fara'a.

"Ɗakin maza nan dama ne. Mama, ku nan za ku tsaya. Lahadi da rana ake ziyara."

Minnie ta damƙe ƙarfen gadon. Mutum biyu suka ja, bai motsa ba.

"Saki, Minnie," in ji Enoch. "Kina ba ni kunya gaban 'yan mata." Muryarsa ba ta fita sosai ba. Shi ma kakarsa a gidan ta ƙare.

Ta saki.

Kwanakin da suka biyo baya ba ta cire takalmi ba. Tana zaune fuskantar ƙofa. Duk takun da ya rage sauri a bakin gidan sai ta ce a ranta ga shi nan, an zo gaya mata an riga an binne shi. Clara ta kawo mata romo, ya huce a kan tebur.

Ranar Lahadi ba motar da za ta ɗauke ta, sai dai ta shiga da ƙafarta. Ta ɗaure kallabi tamau, ta miƙa wa Clara makullin gida.

"In ban dawo ba, agogon bango na 'yata ne."

"Ke dai tafi. Wa zai riƙe ki? Ko su ba su da haƙurin zama da ke."

A asibitin fentin kore ne, amma matakalar dutsen ita ce, da lotsawarta a tsakiya. Ta gane ƙofar ɗakin wanki, ta kawar da kai. Ta bi ayarin masu ziyara, tana manne da bango. A gado na can ƙarshe ta hango shi zaune, an yi masa aski, an taje gashin baki. Daga gwiwar hagu zuwa ƙasa zanin gadon a shimfiɗe yake lafe.

"Kin huta," ya ce. "Takalmi ɗaya za ki riƙa gogewa."

Babbar nas ta zo ta ce yana da ciwon sukari, shi ya hana ciwon warkewa. Ta ƙara da cewa da an kawo shi da wuri, yatsa kaɗai za a cire. Minnie ta san gaskiya ne. Ta zauna a bakin kujera ta riƙe hannun rigar Enoch, idonta yana kan ƙofa.

Aka kaɗa ƙararrawa. Masu ziyara suka miƙe, ita ma ta miƙe. Ta bi bayansu tana jiran hannun da zai dafa kafaɗarta a ce mata hagu. Ta sauka matakala, ta ratsa tsakar gida. Maigadi yana cin burodi, ko ɗago kai bai yi sosai ba.

"A sauka lafiya, Mama."

Sai da ta yi nisa a gangaren sannan ta zauna a dakalin wani shago.

Kafin sanyi ya fita Enoch ya dawo gida da sanduna biyu. Ya ƙara shekaru yana zaune bakin taga, duk wanda ya tsaya sai ya ba shi labarin 'yan mata masu farar hula da abinci sau uku a rana, ya ce girkinsu ya fi na gida. Matan layi suka riƙa tsokanar Minnie, suna cewa to yanzu fa, me za ta ce game da gidan kan tudu, ga mijinta an sako mata.

"An sako shi," in ji ta. "Amma ba dukansa ba."