Mai Kunne da Ɗan Rainonsa

Shekara talatin kawuna yana aiki a ɗakin gwaji na jami'a, kuma duk gidanmu ba wanda ya san takamaiman abin da yake yi. In an tambaye shi sai ya ce, "Raino nake yi." Innarmu, wato ƙanwarsa, takan taɓe baki ta ce, "Rainon me, Yaya, kai da ko kaza ba ka taɓa kiwo ba?"

Ranar da na je ɗaukarsa zuwa asibitin kunne na ga ɗan rainon. Wani bututun gilashi ne mai kaurin ganga, an kewaye shi da maganaɗisu. A ciki akwai iskar gas da aka zafafa har ta koma haske tsantsa, shuɗi mai ratsin ja. Filasma suke ce mata. Irin abin da ke cikin rana ne fa, ga shi a ɗaki mai fanka da kwandon shara!

Halinta ɗaya, ba ta zama lafiya. Tana kwance sai ta kama makyarkyata, ta bugi gilashi ta mutu. Aikin Kawu shi ne ya harba mata siririn zaren ƙwayoyin lantarki, daidai ƙarfi, daidai lokaci, har ta lafa. Tun yana saurayi ya jona motsinta da wata tsohuwar sifika, yana sauraron kukanta yana murɗa maɓalli. Daga nan ya samo sunan Mai Kunne.

To kunnen ne ya tafi. Wata takwas yana ɓoyewa. Farfesa, shugabar ɗakin, ta gano, ta ce in ya kasa gwajin da aka shirya ranar da na je, za ta mai da shi wajen ajiyar kaya.

Ina tsaye aka kunna na'urar. Hasken ya miƙe, can ya soma rawa, sifika ta ɗauki ƙara. Na dubi Kawu, na san ba ya jin komai. Shi ko ya ɗora tafin hagunsa a fuskar sifikar, ya runtse ido, damansa na kan maɓalli. Ya murɗa kaɗan, ya dawo, ya ƙara kaɗan. Rawar ta ragu, ta ragu, hasken ya tsaya cak kamar an ja layi da alli.

Farfesa ta ce, "Malam, da hannu kake ji?"

Bai amsa ba sai da ta maimaita da ƙarfi.

"Da hannu, ranki ya daɗe. Kafin ta yi kuka takan yi ƙaiƙayi. Ashe kunnena ne yake makara."

Sai Farfesa ta cire zobenta, ta ɗora tafinta kusa da nasa.

"A sake kunnawa," in ji ta. "Nuna mini inda take farawa."

Ranar dai likitan kunne bai gan mu ba.