Rijiyar da Baba ya yashe mini

Shekarar da soja suka koma bariki nake zuwa wata makarantar kwamfuta a Ƙofar Kabuga. Baba marini ne a Ƙofar Mata, kuma cikin 'ya'yansa maza ni kaɗai na rage a gabansa. Bai taɓa cewa in gaje shi ba, sai dai idan na wuce ta marina yakan bi hannuwana da kallo.

Ni kuwa akwai ni da baki, kome na koyo sai na sami wanda zan juye wa. Wata rana da la'asar na same shi bakin rijiyar rini, na tsuguna na fara ba shi labarin luf, wato yadda ake sa kwamfuta ta yi ta maimaita aiki. Na ga bai gane ba, sai na ɗauko ƙyalle.

Na ce, "Baba, hanya uku ce. Idan ka ce a tsoma sau kaza a tsaya, wannan for kenan. Idan ka ce a duba tukuna, muddin bai yi baƙi ba a ci gaba da tsomawa, while kenan. Ta ukun, do-while, a fara tsomawa sannan a duba."

Ya ce, "To wanda ya mance bai faɗi inda za a tsaya ba fa?"

Na ce, "Sai ta yi ta yi har a kashe wuta."

Ya yi dariya har da tari. Ya kira maƙwabcin rijiyarsa ya ce, "Malam, zo ka ji. Ashe rini ake koya musu a can."

Daɗin yabo ya kwashe ni. Kullum sai na zo da sabon misali, ina tsoma ƙyalle ina zuba bayani, har farcena ya rine. Ni darasina nake bita. Shi kuwa gani yake ɗansa ya juyo gida, ban lura ba.

A makon da na sami aiki a Legas ya ja ni bayan marina, ya nuna mini wata rijiya. Tsohuwar rijiyar kakana ce, wadda ta daɗe a rufe. Ya yashe ta da kansa, duk da ciwon bayan da yake fama da shi, ya zuba shuni da toka da kanwa, har ta fara kumfa.

Ya ce, "Taka ce."

Kunya ta rufe ni. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Da ƙyar na iya faɗa masa maganar Legas, ina kallon ƙasa.

Ya daɗe yana motsa ruwan da sanda. Sannan ya ce, "Je ka, Allah ya yi albarka. Shuni yakan kai shekara kafin ya mutu."

Tun da na tafi, duk safiya yana motsa ta, in ji mahaifiyata, kuma bai bar kowa ya tsoma ko zare a ciki ba.