Layin da ke ɗauke da sunan Dattijo

A ofis Sake-Duba ake kiranta, kuma ta ci sunan. Mace ce da za ta kulle ƙofa, ta kai bakin titi, ta dawo ta murɗa hannun ƙofar. Mijinta ya gaji da tsokana, 'ya'yanta biyu sun saba jira a mota. Shekararta tara tana rubuta manhajar kwamfuta a wani ƙaramin kamfani, ɗaki guda mai tebura shida da fanka mai kuka, ba a taɓa kama ta da kuskure ba. Da wannan take tinƙaho a ɓoye.

Manhajarsu tana tura wa marasa lafiya saƙon tunin ranar ganin likita. A ƙarshen wani wata saƙonnin suka makara da kwana guda, mutum arba'in suka rasa layinsu. Shugaban sashe ya kumbura, ya ce a tono mai laifin.

Tonon ba wuya. Kowane canji da aka yi wa manhaja yana shiga kundi da sunan mai kwamfutar da ta tura shi. Umarni ɗaya za ka ba kundin, ya jera maka suna a gefen kowane layi na rubutun manhajar. A gefen layin da ya ɓata lissafin kwanaki, sunan Dattijo ne ya fito, mutumin da ya koya mata aikin nan tun ba ta san gabas ba. Dama ana ta ƙus-ƙus cewa idonsa ya yi rauni, ana neman dalilin sallamarsa.

Da ta ga kwanan watan da aka tura layin, sai ta tuna. Makon da kwamfutarta ta mutu ne, Dattijo ya ara mata tasa ya tafi asibiti. Ita ta rubuta layin, cikin gaggawa, ta manta ta sauya suna. Kundi kuwa bai san yatsu ba, kwamfuta ya sani.

Kwana biyu abinci bai wuce mata ba. Tsoro take ji, tsantsarsa: ta yi shiru a kori tsoho, ta yi magana a kore ta. Mijinta ya ce ai ramin ƙarya ƙurarre ne, ta ce ta sani, ya bar ta ta ji da abin da ke damunta.

Ranar bitar aiki aka haska layin a bango. Shugaban sashe ya karanta sunan, ya ce kundi ba ya ƙarya. Ta miƙe ta faɗi komai, har da ranar da aka yi aron.

Shugaban ya juya ya tambayi Dattijo ko haka aka yi. Tsohon ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya daɗe yana gogewa.

"Ban tuna na ara wa kowa ba," in ji shi. "'Yata, zauna. Sunana ne a wurin."

Ta sake buɗe baki, shugaban ya ce ba ya aiki da abin da babu shi a rubuce. Aka wuce layi na gaba.

Ƙarshen mako Dattijo ya kwashe kayansa a kwali. Teburinsa na kusa da taga, aka ce ita ta fi cancanta ta koma can.