Tsutsotsin Malam Ifraimu

A Rimawa, wanda bai san sunan Malam Ifraimu ba ya san shi da mai kwasar ƙasa. Mutumin Zuru ne, aka turo shi koyar da kimiyya shekarun da ruwan dam ɗin Goronyo ya fara ratsa gonaki, ya zauna har furfura ta cim masa. Ran Lahadi daga coci sai bakin gona, da cokali da gwangwani, yana ɗibar ƙasa mai danshi kamar mai neman kayan miya.

Abin da yake nema ido ba ya gani. Wasu tsutsotsi ne sirara da ke cikin ƙasa, sai a madubin makaranta mai ƙara girman abu. Ya daɗe yana lura da su. Na gonar da ake nomewa da fartanya cikinsu fal da ƙwai, ƙanana na ta mutsu-mutsu. Na gonar da ta sha maganin ciyawa kuwa, ƙwan kaɗan ne, waɗanda suka ƙyanƙyashe ma sun tsumbure. Abin ya dame shi ƙwarai, don ya ga masu feshi suna dama maganin da hannu, suna wanke famfon feshi a inda dabbobi ke sha.

Ya faɗa a aji, ya faɗa a kasuwa, mutane suka yi masa dariyar ladabi. Burinsa bai wuce mutum ɗaya ya gaskata shi ba, kuma ya fi son ya zama Isa, manomin albasa, mai gidan da yake haya, amininsa na cin tuwo.

Da ƙyar ya jawo Isa makaranta, ya sa masa ƙasar gonar albasarsa a madubin. Isa ya rufe ido ɗaya ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba.

"Malam, wagga ƙasa ta gonata mi ya same ta? Tsutsa ba ta da ɗiya."

"Maganin ciyawar da kake fesawa ne, Baba Isa. Shi ya hana su haihuwa."

"Ashe haka yake da ƙarhi," in ji Isa, yana jinjina kai.

Ranar Malam Ifraimu ya koma gida da farin ciki, har ya sayi tsire.

Kaltume, matar Isa, tana da tunkiya mai ciki, tsutsar ciki ta rame da ita. Isa mutum ne mai lissafi. Abin da ya hana tsutsar gona haihuwa, ai zai hana ta ciki. Ya ɗiga maganin ciyawar kaɗan a ruwan dusa ya ba tunkiyar, bai gaya wa kowa ba, don yana son ya ba matarsa mamaki.

Washegari da hantsi Malam Ifraimu ya dawo gida ɗaukar alli, ya tarar da gidan tsit. Tunkiyar na kwance tana haki, ta yi ɓarin tagwaye. Kaltume ta lulluɓe su da tsohon buhu ta shige ɗaki.

Isa na tsugune gefen turke. Bai yi faɗa ba, wannan ne ma ya fi yi wa malamin ciwo. Ya ɗago kai a hankali.

"Kowa na cewa zancenka tatsuniya ce, Malam. Ni kaɗai na yarda da kai."

Sai Malam Ifraimu ya tsuguna kusa da shi, ya tallabo kan tunkiyar.