Tsiron da Yaya Hajara Ta Rataya a Kekun Waje

Bazarar bana ta cika shekara bakwai da rasuwar yayata Hajara, har yau kuma ban taɓa faɗa wa kowa rawar da na taka a abin da ya same ta ba. Yau zan faɗa.

Tana aure a Kekun Waje, gidan manoma masu 'yan shanu. Wan mijinta mai fataucin goro ne ya zo mata da wani tsiro daga kurmi. Dangin ƙyarana ne, amma ba ƙaya, ba ganye, sai sirāran rassa masu zubowa ƙasa kamar kitso. Ta huda gindin wani kasko, ta zuba yashi da ruɓaɓɓen ganye da gutsuren gawayi, ta dasa shi, ta ɗora a ragaya ƙarƙashin rumfa. Ba ta barin rana ta doke shi. Ba ta ba shi ruwa sai ta tsoma yatsa ta ji ƙasar ta bushe, domin ta ce yawan ruwa ke ruɓar masa da gindi. Cikin shekara biyu ya sauko har kusa da ƙasa, ya yi 'ya'ya farare kamar duwatsun tsakiya da mata ke sawa a wuya.

Sai ciwo ya shiga shanun garin. Yau a binne ɗaya, gobe uku. Aka fara raɗa a bakin rijiya: wane irin icce ne ke rayuwa bai taɓa ƙasa ba, kuma me ya sa yake ƙiba shanu na ramewa? Mata suka daina aikowa ɗibar wuta a gidanta. In ta doso wurin daka, sai a kwashe turame. Rashin sani, in ji magabata, ya fi dare duhu.

Mijinta ya aika mini Gusau, inda nake awon auduga. Na zo na same ta tana cire busassun rassa da farce. Na ce ta jefar da shi a zauna lafiya.

Ta ce, "Mamman, wanga icce mi ya yi musu? In na yar da shi yau, na amsa ke nan cewa ni ka kashe shanu. Kai ma haka ka ɗauke ni?"

Na sa wuƙa na yanke ragayar, kaskon ya fashe a gabanta, na kwashe tsiron na ƙona a ƙofar gida inda kowa zai gani. Na zaci wuta na kashe. Ashe shaida na bayar, domin mutane cewa suka yi tun da ƙaninta ya ƙona, to, ya san abin da ya gani. Shanu ba su daina mutuwa ba, ita ma ba a daina gudunta ba. Da sanƙarau ya kama ta a bazarar waccan shekara, ciwon da ya zama ajalinta, mata biyu kaɗai suka shiga ɗakinta.

Yanzu in na bi ta unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa, nakan ga irin tsiron nan a rataye a baranda, yara na wasa a ƙarƙashinsa. Da tana raye, ina jin ba dariya za ta yi ba. Tambaya za ta yi ko da me suka haɗa ƙasar. Ana ta maganar mulkin kai da sababbin makarantu, amma baki shi ke yanka wuya, kuma bai dakushe ba. Makon jiya a kasuwar Tsafe na ji ciwon shanu ya ɓulla wajen 'Yankuzo, har an fara kiran sunan wata tsohuwa mai zama ita kaɗai.

Hajara ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gona ba. Abin da ta bari shi ne ta ƙi sayen zaman lafiya da ƙarya a kan kanta, ranar da ni na saya. Allah ya jiƙanta. Jumma'a mai zuwa zan tafi 'Yankuzo in zauna a ƙofar tsohuwar nan, kowa ya gan ni. Ban sani ba ko zan iske ta a garin.